Ƙaramar libarba ko ƙaramar otomatik: wacce ta dace da mai takarda a Damagaram?

Maganar nan ta wanda hukuma ta riga ta ba shi takardar riƙe ƙaramar bindiga ce, ko wanda dosiyenshi ke hanya yana jiran sa hannu, ya tsaya yana ta saƙa da warwara tsakanin libarba, mai gangar nan da ke juyawa tana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya, da otomatik mai sharja, wato gidan harsashin da ake zarewa a mayar, wadda sojoji da jandarmomi ke ce ma PA. Yawanci 'yan kasuwa ne masu yawo da kuɗi a jiki, masu sayen dabbobi a kasuwannin ƙauye, masu gidan mai, masu bin hanyar Tanut zuwa Agadas. In ba ka da takarda to ka tsaya nan, don a Nijar riƙe bindiga ba izini laifi ne na kaso, izinin kuma daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa ba daga bakin wani mai kaki da kuke shan shayi tare a fada ba, akwai ma hukuma sukutum, CNCCAI, da aka kafa tun 1994 don tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Duk abin da zai biyo baya na wanda zai saya ta hanyar hukuma ne, lambar bindigar na rubuce jikin takardarshi.

Ra'ayina tun daga farko, don kar a ce na ɓoye: ƙaramar libarba ta fi kowace sauƙin ɗauka da sauƙin ganewa, kuma ita ce ta fi kowace wuyar samun abin da aka auna da ita. Masu yaba ta rabin farko suke faɗa maka su haɗiye rabi na biyu.

Abin da za ka auna kafin ka zaɓa

Na farko tufafinka, kuma nan ne shawarar da ake gani a YouTube ke ɓatar da mutanenmu. Masu bidiyon da wandon jin suke yawo da santir mai kauri a ƙugu, sai su rataya kube a jiki su rufe da riga shi ke nan. Mu fa kaftani ne da jallabiya da babbar riga, wando na zariya, zariya kuwa ba ta ɗaukar nauyin rabin kilo, kana tafiya wandon na sauka gefe guda. Saura aljihun gefe na riga, shi ma yana lilo, in ka yi ruku'u abin ya gangaro gaba, in ka yi sujada ya bugi ƙasa, in ka hau kabu-kabu bakin aljihun ya buɗe. Ga tsuguno wajen alwala da bayan gida, ga sahu kafaɗa da kafaɗa wanda na kusa da kai zai ji ƙarfe a jikinka ko bai so ba. Duk bindigar da ba ta zauna lafiya da wannan rayuwar ba ƙarshenta a cikin kofur ɗin mota ko ƙarƙashin katifa za ta ƙare.

Na biyu iya harbi, ba wai ta tashi ba, a'a, ka samu abin da ka auna a nisan mita 5 zuwa 7 hannunka na rawa. Na uku ƙura da zufa, hazon hunturu da ke shiga ko'ina har cikin tukunyar da aka rufe, da zafin watan huɗu da na biyar da ke wuce 40 mutum ya wuni riga jiƙe. Na huɗu harsashi, guda nawa take ci kuma ana samun irinshi ta hanyar da doka ta yarda ko ba a samu. Sai kuɗi, sai haɗarin abin ga kai kanka da iyalinka, wanda a gidajenmu masu yara goma sha ba ƙaramar magana ba ce.

Libarba marar nauyi

Asalin wannan zubin na kamfanin Smith & Wesson ne na Amurka, da suka fito da Chiefs Special a 1950, mai cin harsashi 5 na girman da ake ce ma .38 Special, hancinta bai kai santimeta 5 ba. Jikokinta su ne irin su 642 mai jikin alminiyam, nauyinta wajen garam 420 in ba harsashi, sai Ruger LCR da ta fito a 2009 wadda wani ɓangaren jikinta roba ce mai ƙarfi, ita garam 380 ne ko kusa. Dukansu biyun gudumar baya da ke buga harsashi a rufe take cikin jiki, ba abin da zai sarƙe da zaren aljihu in za ka ciro.

Wajen ɓoyuwa wallahi ba ta da na biyu a tufafinmu. Gangar tana da kauri, wajen milimeta 33, ta fi otomatik kumburi, amma jikinta duk a zagaye yake ba kusurwa, in tana cikin kubenta a aljihun shadda mai sitati ba kowa zai gane siffar bindiga ba, sai a ɗauka kuɗi ne aka naɗe ko makullai. Ba ta jan riga ƙasa, ba ta gajiyar da kai, kana iya wuni da ita daga safe har isha'i.

Aikinta kuma ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba zai gane cikin minti biyar: ka tura maɓalli ganga ta faɗo gefe, ka ga ramuka biyar da idonka, ko da harsashi ko babu, ka mayar ka ja kunama. Ba sekirite da za ka manta ka buɗe, ba murfin sama da za ka ja baya. In harsashi ya ƙi tashi, jan kunama na gaba yana kawo wani sabo. In wani ya rungume ka bakin bindigar ya dafe a jikinshi ko rigarka ta naɗe ta, za ta tashi, wanda otomatik a irin wannan halin murfinta na iya ja baya kaɗan ta ƙi, ko ta tashi sau ɗaya ta cije. Kuma ba ruwanta da ko ka riƙe ta da ƙarfi ko da sanyin hannu.

To ga inda gizo ke saƙa. Kunamarta tana da tsawo tana da tauri, sai ka sa ƙarfin da ya kai kilo 5 kafin ta tashi, bindigar kuma ba ta kai rabin kilo ba, kenan yatsa ɗaya na jan abin da ya ninka nauyin bindigar sau goma, duk ɗan karkacewar yatsa sai hancin ya bi shi. Ƙara da cewa saitinta ɗan tsagi ne kawai a bisa jiki da ɗan tsini a gaba, tsakaninsu bai kai santimeta 10 ba, kuskuren da ba ka ma gani a hannunka a mita 7 ya zama taƙi guda ko fiye. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa a waje yake rataye. Sai bugun baya, tunda ba nauyin da zai shanye shi tafin hannunka ne zai sha, kamar ka tare jifar dutse da hannu, mutum ya harba goma sha biyar ya ce ya isa haka. Wanda abin ke mishi ciwo ba ya son gwaji, wanda ba ya gwaji kuma ranar da ta ɓaci sama zai harba ko ya samu wanda ba ruwanshi, a kasuwa irin ta Dole kuwa ko'ina ka juya mutum ne. LCR ta ɗan fi 642 laushin kunama da laushin mariƙi, amma bugun na nan.

Harsashi biyar ne, ba ƙari. Sake cikawa kuma aiki ne, ka buɗe ganga, ka ɗaga hanci sama, ka buga sandar da ke turo kwanso, sandar ma gajera ce wani lokacin kwanson ba ya fita duka sai ka ciro da farce, sannan ka jera sababbi. Akwai ɗan abin da ke riƙe biyar ɗin a zuba su lokaci guda, yana taimakawa, amma ko gwani ne ba zai kamo mai canza sharja ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in za ka saye ta ka saya da sanin cewa biyar ɗin nan su ne iyakarka.

Akwai wadda ta fi waɗannan rashin nauyi, 340PD, garam 330 da wani abu, wai har tana cin .357 Magnum. Tsada gare ta, azaba gare ta, har harsasan da ke jira cikin ganga kan iya zamewa gaba saboda tsananin girgiza su tokare gangar ta ƙi juyawa. Ka wuce ta kawai.

Wajen daɗewa, alminiyam ba ya tsatsa amma zufa na cin fentinshi, kuma in kullum harsashi mai ƙarin albarushi kake ba ta, wanda ake rubuta ma +P, za ta yi saurin sakwarkwacewa fiye da ta ƙarfe. An yi ta ne don a ɗauke ta da yawa a harba ta kaɗan.

Libarba ta ƙarfe

Nan akwai Ruger SP101 da ta fito a 1989, ƙarfen da ba ya tsatsa ne zalla, nauyinta ya haura garam 700, mai cin 5. Akwai Taurus 856 ta Barazil mai cin 6 na .38, wajen garam 620, akwai Kimber K6s ta 2016 mai cin 6 ita ma. Zubin mai shida ɗin ba sabo ba ne, Colt Detective Special tun 1927 haka take.

Duk alherin da na lissafa a sama tana da shi, sauƙin aiki, ganin harsashi da ido, tashi ko a matse. Abin da ta ƙara shi ne nauyin ya shanye bugun, sai ka iya harba kwali guda na .38 a zama ɗaya hannunka bai kumbura ba, kuma tunda tana da nauyi taurin kunama ba ya karkatar da ita sosai. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, shi ne tsakanin wanda zai koya da wanda zai ajiye. Ga daɗewa, SP101 irin kayan da ake bar ma magada ne in an kula da ita.

Wadda aka rubuta ma .357 Magnum tana cin .38 Special, amma ta .38 ba ta cin .357, kar wani ya ruɗe ka. Ni dai ko ka sayi ta .357 shawarata .38 za ka riƙa sa mata. Harsashin .357 da aka fito da shi a 1935 don dogon hanci aka yi shi, a gajeren hanci albarushi da yawa a waje yake ƙonewa, sai wuta ta dalle maka ido da dare, ƙarar kuma in cikin ɗaki ne ko cikin mota tana iya taɓa maka ji har abada.

Illarta ɗaya ce babba: garam 700 ba kayan aljihun jallabiya ba ne. Rigar za ta karkace, kowa ya ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Dole sai santir na gaske a ƙarƙashin riga, ko maɗaurin ciki mai faɗi, shi kuma a zafin bazara ka san yadda za ka ji. Sannan da yawansu gudumar a waje take, tana kama zare, kuma tana jan hankalin mutum ya ɗana ta da babban yatsa don kunama ta yi laushi, wanda a lokacin tsoro wannan laushin shi ke sa bindiga ta tashi ba da niyya ba. In akwai zaɓi ka ɗauki mai rufaffiyar guduma ko wadda aka yanke ma ƙahon.

Wata magana da ake yawan yi wai libarba ba ta cijewa, ba gaskiya ba ne. Ba ta cika cijewa ba dai. Ƙwayar yashi ko guntun albarushin da bai ƙone ba in ya shiga ƙarƙashin ɗan ƙarfe mai siffar tauraro da ke turo kwanso, gangar ba za ta rufe ba ko ta yi tauri. Sandar turo kwanso na iya warwarewa ta hana buɗewa. In ta faɗi bisa siminti ta gefen ganga, ƙarfen da ke riƙe gangar na iya lanƙwashewa, ramin harsashi ya daina daidaita da hanci. Cikinta kuma ƙananan ƙarafa ne masu aiki da juna daidai wa daida, in suka samu matsala ba gyaran minti ɗaya ba ne, sai gwani, kuma ba gwanin gyaran moto ba. Otomatik ta fi yawan cijewa amma yawanci da hannunka za ka warware ta nan take, libarba in ta cije ta cije kenan. Abin da ta fi jurewa shi ne ajiya da sakaci, ta yi wata da watanni a kube ka ɗauko ta tashi. Ka tuna kuma tsakanin ganga da hanci akwai ɗan tsagi da wuta ke fita ta nan, yatsan da ya kwanta a wurin zai ƙone ko ya tsage.

Ƙaramar otomatik

Shekarun baya libarba ce sarauniyar aljihu don ƙananan otomatik na lokacin ko harsashinsu ƙarami ne ko ba a dogara da su. Yanzu abin ya canza. Glock 43 ta Ostiriya da ta fito a 2015 tana cin 6 a sharja da 1 a ciki, SIG P365 ta 2018 tana cin 10 da 1, dukansu 9 milimeta, nauyi wajen rabin kilo, kauri wajen milimeta 26, a shafe suke ba tudu. P365 ɗin nan kusan girmanta ɗaya da libarba mai biyar amma ta ninka ta harsashi.

Harbi da ita ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kunama gajera ce, ƙarfin da take so wajen kilo 2 da rabi, saitinta na gaske ne ana ganinshi, murfin da ke komawa baya da resor ɗinshi suna rage kaifin bugun. Sabon shiga in ka ba shi su biyun rana ɗaya, kusan kullum da otomatik zai fi samun abin da ya auna. Harsashin 9 milimeta kuma ya fi .38 gudu daga gajeren hanci, shi yana haura mita 300 a sakan, .38 bai cika kai wa nan ba. Kuma shi ne harsashin ƙaramar bindiga da ya fi yaɗuwa a duniya tun bayan fitowarshi a farkon ƙarni na 20, sojoji da 'yan sandan ƙasashe da yawa shi suke aiki da shi, .38 kuwa ya fi yawa a nahiyar Amurka. Wannan kaɗai ya isa ka tambayi dillalin da hukuma ta yarda da shi wane iri yake iya kawowa a kai a kai kafin ka biya ko dala, don bindigar da ba ka da harsashin gwada ta kwalliya ce.

Amma tana son ilimi kuma tana son kula. Sai ka iya jan murfi, ka iya warware ta in kwanso ya maƙale, ka riƙe ta da ƙarfi in ba haka ba ta ƙi ɗauko na gaba. Tana son mai, mai kuma a hunturu ƙura yake kira, su haɗu su zama taɓo a kan hanyar murfin, kenan shafawa kaɗan-kaɗan da gogewa duk sati. Sharjar ma sai an riƙa buɗe ta ana kakkaɓe yashi, in leɓenta ya lanƙwashe ita ce za ta fara ba ka kunya. Zaren aljihu da ɓurɓushin goro ba abokanta ba ne.

Babban haɗarinta kuwa shi ne wanda ya kashe mutane da yawa a duniya: a cire sharja a ɗauka ba komai ciki, alhali ɗaya na kwance a cikin hanci. Libarba ba ta da wannan tarkon. Ƙara da laushin kunama, in ba cikin kube mai tauri da ya rufe kunamar take ba, zariyar wando ko makulli ko carbi na iya shiga ya ja ta. A aljihu kuma kusurwoyinta na zana siffar bindiga a jikin yadi marar kauri, ta fi son ƙugu.

Akwai 'yar mitsitsiya Ruger LCP ta 2008, garam 270, mai cin .380, ta fi duka ɓoyuwa da araha. Harsashinta ya fi rauni, riƙe ta wuya, kuma an koma maganar samun irin harsashin.

A taƙaice cikin tebur

Farashin na Amurka ne na sabuwa, da dalar Amurka, don ka ga wacce ta fi wacce tsada kawai. Dalar Amurka 500 ta kama wajen jika 300 na sefa, kafin a sa kuɗin kawowa da duwan da takardu da ribar dillali.

| Abin aunawa | Libarba marar nauyi | Libarba ta ƙarfe | Ƙaramar otomatik |
|---|---|---|---|
| Misali | 642, LCR | SP101, 856 | Glock 43, P365 |
| Nauyi ba harsashi | garam 380 zuwa 420 | garam 620 zuwa 740 | wajen garam 500 |
| Harsashi | 5 | 5 ko 6 | 7 zuwa 11 |
| Aljihun riga | ta fi dacewa | ta yi nauyi | ana iya gane siffarta |
| Samun abin da aka auna | da wuya | tsaka-tsaki | ya fi sauƙi |
| Koyon aiki da ita | minti kaɗan | minti kaɗan | sai an zauna an koya |
| Kula a ƙura | kaɗan | kaɗan | duk sati |
| In ta cije | sai gwani | sai gwani | yawanci da hannunka |
| Daɗewa | matsakaiciya | ta fi duka | mai kyau, ana canza resor da sharja |
| Farashi | 450 zuwa 650 | 856 wajen 350, SP101 700 zuwa sama | 450 zuwa 600 |

Kuɗin bindigar ma ba shi ne ƙarshe ba. Sai kube mai kyau, sai akwatin ƙarfe mai makulli, sai abin toshe kunne, sai harsashin gwaji wanda in da gaske kake cikin 'yan shekaru zai iya kamo kuɗin bindigar. Taurus ta fi araha kuma tana aiki, sai dai ka duba wadda za a ba ka da kyau, ka juya gangar a kowane rami ka ji ta kulle ba ta girgiza.

Ta hannu kuwa, musamman tsohuwar da ba a san tarihinta ba, ka yi hattara. Libarbar zamani tana da ɗan ƙarfe a ciki da ke hana guduma taɓa harsashi sai an ja kunama, tsofaffi da yawa ba su da shi, in ta faɗi bisa guduma tana iya tashi. Ƙirar gida ma kar a fara. Na san Damagaram, garin da Sarki Tanimun ya sa maƙera suka riƙa zuba igwa a ƙarni na 19, ba za a koya mishi ƙira ba, amma harsashin zamani matsinshi ya fi ƙarfin bututun da aka ƙera a zaure, a hannu take fashewa, ba ta da lamba, ba takardar da za ta rufe ta.

Haɗarin da duka ukun suka yi tarayya a kai

Taurin kunamar libarba na sa iyaye su sakankance wai yaro ba zai iya ja ba. Yana iyawa, da manyan yatsu biyu yake dannawa, kuma in ya yi haka bakin bindigar fuskarshi yake kallo. Gidan da yaranka da na maƙwabta da almajirai ke shiga kowane ɗaki, bindiga ko tana jikinka ko tana kulle a akwati harsashi a wani wurin daban, ba na uku. Bisa kwaba da ƙarƙashin matashi duk yara sun san su. Haka gidan da ake yawan rigima, ko akwai wanda damuwa ta yi ma yawa, kawo bindiga ciki ƙarin masifa ne ba tsaro ba.

Aljihun da take ciki nata ne ita kaɗai, ba waya ba goro ba canji. Sakosh da aljihun mota kuwa ɓarawo ya fi ka saurin kai hannu. A bariyar jandarma ko ta polis takardar na jikinka, ka faɗa da baki kafin hannunka ya motsa. Kuma doka ba ta ba ka damar harbi don an zage ka ko an fizge maka waya an ruga ba, kare kai sai ranka yana cikin haɗari a lokacin, in ka wuce nan kai ne za ka tsaya gaban alƙali.

Wa ya dace da wacce

In kullum cikin kaftani ko jallabiya kake, ba za ka ɗaura santir ba, kuma abin da kake tsoro shi ne a dafe ka kusa-kusa lokacin rufe butik ko fitowa da ciniki, libarba marar nauyi mai rufaffiyar guduma ce taka, da sharaɗin ka sa mata .38 na talaka ba +P ba, ka kuma riƙa gwada jan kunama ba harsashi ciki har hancin ya daina motsi, bayan ka buɗe gangar ka duba da ido kowane lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In rabin lokacinta a gida ko a shago za ta yi cikin akwati, fita da ita jefi-jefi, kuma ba ka da sha'awar koyon warware inji, ta ƙarfe mai cin shida ta fi maka, ita nake ganin ta fi dacewa da yawancin masu tambayar nan. Za ka iya gwaji da ita ba ciwo, ta jure ƙura da mantuwa.

In ka taɓa aikin kaki, ko kana da mai koya maka na gaske da wurin gwaji da hukuma ta sani, kuma za ka goge ta duk sati, otomatik ta 9 milimeta ta fi su duka biyun harsashi da saiti, ba dalilin da zai sa ka koma biyar.

Hajiya 'yar kasuwa da dattijo mai ciwon gaɓɓai, ku ne aka fi tura ma marar nauyin nan wai don ƙarama ce, alhali ku za ta fi wahalarwa. Ku gwada jan kunamar sau goma a jere kafin a biya, ku gwada jan murfin otomatik ma, wadda hannu ya iya ita ce, in duka biyun sun gagara to a bar maganar. Akwai LCR mai cin 8 na .22 da ba ta da bugu, sai dai kunamarta ta ma fi tauri kuma harsashin rauni gare shi.

Mai bin dogon daji inda 'yan fashi ke fitowa su da yawa da manyan bindigogi, ba ɗaya cikin ukun nan da za ta yi maka, fito da ita ma na iya jawo abin da ba a so, tafiya cikin ayari da rana da tura kuɗi ta Nita ko Amana maimakon ɗaukarsu a jiki sun fi maka amfani. Mai saurin fushi, wanda ya san kanshi a faɗan fili ko na bashi, shi ma ya haƙura.

Masu sauka Kano ta Matamai da Ɗan Barto ko ta Magarya kuwa, takardarku a iyaka take ƙarewa, dokar Najeriya ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta ma farar hula sai da izini na musamman daga shugaban ƙasa. In rabin kasuwancinka can yake, rabin kwanakinka a akwati za ta yi su, sai ka sa wannan cikin lissafi kafin ka fitar da jika ɗaruruwa.